Tabo Huɗu a Fistan ɗin Ukalik

Ku shigo daga sanyin nan, ku kakkaɓe ƙanƙarar takalmanku a bakin ƙofa, kada ku jiƙa mini daɓe. Shayi na kan wuta, kowa ya zuba wa kansa. Wanda ya zauna ya gyara zama, don labarin Ulipika zan ba ku, kuma ba irin wanda ake ji a tsaye ba ne.

A garinmu, can arewacin tsibirin Baffin, babu wanda bai san rumfar Ulipika ba. Rumfar katako ce a bayan gidanta, ta ba teku baya, ƙofarta ba ta taɓa rufuwa yadda ya kamata ba. Duk wanda injin babur ɗinsa na ƙanƙara ya buga, can ake janyo shi. Tsohuwa ce gajera mai faɗin kafaɗa, baƙin mai ya shige mata har ƙarƙashin farce, muryarta kuma ta shaƙe saboda taba da hayaƙin salansa. Sa'o'inta mata sun yi suna a ɗinkin takalmin fata. Ita kuwa in ta ɗinka safar hannu, ta hagu da ta dama sai ka rantse ba gida ɗaya suka fito ba. Amma miƙa mata fistan ka ga aiki.

Ba ta tambayarka me ya faru. Za ta fasa injin, ta zaro fistan, ta goge shi da gefen rigarta, ta kai shi bakin taga, sannan ita ta ba ka labarin tafiyarka. In ta ga karce a gefen da iska ke shiga, ta san injin ya haɗiyi garin ƙanƙara ne, ya wanke man da ke jikin ƙarfe, sai ta ce maka ka bi bayan wani a guje kana shan ƙurar ƙanƙararsa. In ta ga bakin fistan ya gutsuttsure kamar ɓera ya ɗanɗana, ta san tsohon fetur ka zuba, wanda ya kwana a duro tun bara.

Maƙwabcinta Simiuni, wanda ya fi kowa yawan kawo mata aiki, ya taɓa janyo nasa da huda a tsakiyar kan fistan, har yatsa na wucewa. Ya yi ta rantsuwa cewa shi bai yi komai ba, tafiya kawai yake yi injin ya mutu. Ulipika ta leƙe shi ta cikin hudar da ido ɗaya, ta ce ai shi ya sa, don bai yi komai ba ɗin. Sanyi ya ƙaru, iska ta yi nauyi, injin na neman ƙarin mai, shi kuwa bai sauya jet ɗin da ke auna mai a kafireta ba tun farkon saukar ƙanƙara. Ta zaro fulogi ta nuna masa, fari fat kamar ƙashi.

"Fulogi mai lafiya kalar gurasar matarka yake," in ji ta. "Ranar da ba ta ƙona ba."

Simiuni ya ce zai kai ƙara wurin matar tasa. Ta ce ya gaishe ta.

Wannan sani a wurin mijinta ta samo shi. Sunansa Ukalik. Yana cikin waɗanda suka fara ajiye karnuka suka koma babur, kuma tun suna amarci ita ke riƙe masa tocila in yana gyara, daga baya ya lura hannunta na shiga inda nasa ba ya shiga, sai ya koma shi ne mai riƙe tocilar. Mutum ne mai sanyin jiki har ya ba ka haushi. In za a fita farauta, kowa ya ja igiya ya danna totur ya ɓace, shi yana nan tsaye, injin na ƙugi a hankali, yana kurɓar shayi. Can sai ya cire safar hannu, ya ɗora tafinsa a kan injin. In bai ji ɗumi ba, ya mayar da safar ya ci gaba da jira. Abokansa suka riƙa tsokanarsa, wai Ukalik na jiran babur ɗinsa ya gama addu'ar safe. Shi dai abin da yake faɗa ɗaya ne: fistan ya fi silinda saurin jin zafi, in ka matsa masa alhali gidansa na daskare, zai kumbura ya cika ɗakin, ya maƙale. Ko an ce masa gobara ake yi, sai ya taɓa injin tukuna.

Wata shekara, a watan da rana ta dawo bayan dogon duhun hunturu amma sanyi bai saki ba, ya tafi gaɓa shi kaɗai. Kun dai san gaɓa, inda ƙanƙarar teku ke ƙarewa baƙin ruwa ya fara, inda natsik, dabbobin ruwan nan masu kitse, ke ɗago kai su shaƙi iska, maharbi ya samo wa gida nama da kitse. In sanyi ya tsananta, ruwan nan yakan yi ta fitar da tururi kamar tukunya, ya tashi ya zama katanga fara, ba ka ganin abin da ke bayanta. Ukalik bai dawo ba.

Da maza suka bi sawu, sun tarar da amalanken da babur ɗinsa ke ja a inda ya yi zango, butar shayi a ajiye, kofi a kife. Ya kwance amalanken ya bar shi. Babur ɗin kuwa yana can gaba, injin a buge, kuma hancinsa ba gida yake kallo ba, ruwa yake kallo. Daga nan sawun ƙafa ya ci gaba, taku mai faɗi irin na mai gudu, har bakin gaɓa. Babu sawun dabba, babu tsaga a ƙanƙara, babu sawun wani mutum.

Aka janyo mata babur ɗin. Sai da aka gama zaman makoki, mutane suka watse, ta shiga rumfa ta fasa shi. Da ta kai fistan bakin taga, sai ta ga abin da ba ta taɓa zato ba. Tabo huɗu ne a jikinsa, biyu ta gaba, biyu ta baya, a jere daidai kamar an auna. Wannan tabo abu ɗaya kawai ke yin sa: an tayar da inji da sanyinsa an danne totur har ƙarshe. Ukalik ɗin da ake yi wa dariya don jira, shi ne ya yi wannan.

Ta ɗora fistan ɗin a kan kantar rumfar, sama da inda take ajiye sifana, kuma can ya zauna. Ba ta faɗa wa kowa ba, amma ta yi fushi da mijinta, fushi mai tsawo. Kowane fistan a garin nan yana gaya mata gaskiya, wannan kaɗai ya gaya mata rabi ya yi shiru.

A ƙarshen shekarar 'yarsu ta haifi mace, aka sa mata Ukalik. Mu a wurinmu suna ba ya zaɓar namiji ko mace, kuma wanda ya ɗauki sunan mamaci ya ɗauki zumuncinsa duka. Don haka uwar jaririyar na kiranta baba, Ulipika kuwa tun ranar da aka ɗora mata ita a cinya ta ce, "Sannu da dawowa, maigida." Da ka da kai take yi mata magana, kamar yadda ta saba yi wa mai sunan. Yarinyar da ta fara baki sai ta riƙa ce mata matata. Haka suka girma tare, in ji mutanen gari.

Ukalik ƙarama ta zama mace doguwa, maharbiya ta gaske, ita ke ciyar da gida uku. Ba ta da sanyin jikin kakanta ko kaɗan. Komai nata da wuta-wuta ne, cin abinci a tsaye, magana a guje. Abu guda ne Ulipika ta dasa mata tun tana koyon tuƙi, da faɗa, da zagi, da ɓoye makulli: ba a danna totur sai tafin hannu ya ji ɗumi. Har ya zame mata jiki, ba ta ma sanin tana yi.

Duk lokacin da za ta fita sai sun yi 'yar tsama. Ulipika ta zagaya babur ɗin, ta leƙa ragar da ke tare garin ƙanƙara, ta shinshina tankin mai, ta ce maigida ya tsufa bai yi hankali ba. Ita kuma ta ce da ta san haka matar nan za ta koma da mita, da ba ta dawo ba. Su yi dariya. Amma in ta ce gaɓa za ta, dariyar Ulipika ba ta kaiwa ido.

Ranar da nake ba ku labari, gari ya waye tsit, babu iska, sanyi irin wanda in ka tofa yawu kake jin ƙararsa kafin ya taɓa ƙasa. Ukalik ƙarama ta tafi gaɓa tun da safe. Ulipika na rumfa tana wanke kafiretar Simiuni, shi kuma yana zaune kan bokiti yana ba ta labarin da ba ta tambaye shi ba. Rediyon kira na rataye a ƙusa, a buɗe, kamar yadda yake a kowane gida, ana jin mata na tambayar wa ke da ragowar yis, wani na neman karensa.

Rana na tsaka sai muryar Ukalik ƙarama ta ratso, tana haki. Ba da kakarta take magana ba, da gari duka take. Ta ce duk wanda ke jin ta ya fito da igiya da ƙaramin jirgi, Ulipika na gaɓa, ƙanƙara ta ɓalle da ita, tana cikin tururi tana kira. Ta ce ba ta san yadda aka yi tsohuwar ta biyo ta ba, amma ga ta nan tana jin ta, ta riga ta kwance amalanke ta tayar da inji, yana ɗumama za ta shiga ta ɗauko ta.

Simiuni ya dubi Ulipika. Ulipika ta dubi kantar nan, inda fistan mai tabo huɗu yake zaune. Ta goge hannunta a riga, ta sauko da rediyon.

"Maigida," ta ce. "Ina rumfa. Ga Simiuni nan yana cika ni da surutu."

Can aka danna maɓallin magana daga wancan gefen.

"To wa ke kirana?"

Ulipika ta tambaye ta tun yaushe injin yake a kashe. Yarinyar ta ce tun isowarta, don kada ƙara ta kori natsik. Wato ƙarfen ya daskare har zuciyarsa. Yanzu kuma muryar yarinyar ta sauya, ba ta mai shirin ceto ba ce, ta mai shirin gudu ce. Ta ce za ta juya ta taho, yanzu-yanzu, abin na matsowa.

A nan ne Ulipika ta ga abin da ke gabanta sarai. In yarinyar ta danne totur, injin zai ɗauke ta ɗan nisa kaɗan ya buga. Daga nan sai ƙafa, a sanyin da ke kashe mai gumi kafin ya kai rabin hanya, ga kuma abin da ke bayanta. Simiuni ya riga ya fice yana kiran maza, amma gaɓa da nisa, kuma su ma sai nasu injin ya ɗumama. Babu mai iya riƙe yarinyar nan a wurin sai murya.

Ta ce mata ta ba tururin baya. Ta cire babban yatsanta daga totur ta sa shi a aljihu. Ta ce sannan ta kai rediyon kusa da injin ta danne maɓallin, ta bar ta ta saurara.

Ƙarar ta cika rumfar. Injin na tari, yana tsallake bugu, yana rawar sanyi kamar tsoho da ya fito wanka. Ulipika ta rufe ido tana bin sa. Sai ta ji, can ƙarƙashin ƙugin, wata murya siririya daga nesa.

"Maigida. Maigida, zo ka ɗauke ni. Yi sauri."

Muryarta ce. Ba wannan shaƙaƙƙiyar ta yanzu ba, waccan ta da, kafin taba ta cinye ta, muryar da take kiran mijinta da ita in abinci ya sauka. Har yadda take jan ƙarshen kalmar, abin da ita kanta ta manta tana yi.

Ga wata wahala kuma: muddin yarinyar na danne da maɓalli, ita ba ta da bakin magana, sai dai ta ji. Ta tsaya tana sauraron kanta tana roƙo a kan teku, har aka saki.

Da ta samu layi, ba ta ce ta ji komai ba. Faɗa ta kama yi. Ta ce maigida ya tafi ya bar mata ƙofar rumfa a karye shekara da shekaru, kullum gobe. Ta ce ya cinye mata busasshen kifin da ta ɓoye a bayan injin wanki, kada ya ɗauka ba ta sani ba. Ta ce in ya kuskura ya lalata mata fistan ɗin da ta saka da hannunta, to ya nemi wata matar. Yarinyar ta yi wata 'yar dariya mai haɗe da kuka, ta ce kifin ai ya riga ya fara wari.

"Cire safa. Taɓa. Me ka ji?"

"Sanyi. Yana cizo."

"To mayar da safar. Ba ni injin in ji."

Wannan karon bugun ya fara daidaita, tarin ya ragu. Muryar kuwa ta matso. Ba ta ƙara ƙarfi ba, ba ta kuma yi fushi ba, kusa kawai ta zo, kamar mai magana daga ɗaya gefen labule. Ulipika ta ji ƙanƙara na ƙara a ƙarƙashin wani abu, ƙiris, ƙiris, amma ta gaya wa kanta takun jikarta ne, ko da yake ta san jikarta a zaune take.

Da aka saki maɓallin, yarinyar ta yi magana ƙasa-ƙasa. Ta ce tururin ya iso bayan amalanke, ba ta ganin butar shayinta. Ta ce, matata, don Allah ki bar ni in tafi.

Babu abin da Ulipika ke so a duniya kamar ta ce tafi. Kalmar na kan harshenta. Amma sai ta ga in ta faɗa, muryoyin sun zama ɗaya ke nan, ta rumfa da ta teku, duk suna cewa yi sauri.

"Ni ban taɓa ce maka ka yi sauri ba," ta ce. "Ko sau ɗaya, tun da ka aure ni. Taɓa."

Can aka danna maɓallin.

"Da ɗumi."

"Ɗumin gaske, ko na mai son gudu?"

"Kamar cikin ɗan kwikwiyo."

Ta ce to, ya hau. Ya bar amalanken, ya bar naman. Ya tafi a hankali kamar tsohuwa za ta coci, kada ya buɗe totur sai ya wuce tsaunin ƙanƙarar da ke rabin hanyar zango, kuma kada ya waiwaya ko an kira shi da sunan da babu wanda ya sani. Daga nan rediyon ya yi shiru, don tuƙi na son hannu biyu.

Ulipika ta koma kan kafiretar Simiuni. Ta wanke ta, ta haɗa, ta sake kwancewa, ta sake wankewa.

Maza sun haɗu da ita a hanya, tana tafe daidai, fuskarta a gaba kamar an ɗaure mata wuya. Kafin rana ta faɗi suka shigo gari. Ulipika ba ta rungume ta ba tukuna. Ta sa aka turo babur ɗin cikin rumfa, ta kwance salansa, ta haska tocila ta ramin, ta juya injin da hannu a hankali har fistan ya sauko gaban idonta. Sumul yake, yana ƙyalli da mai, babu ko ƙwarzane. Sannan ta zauna a kan bokiti ta yi kukan da ba ta yi ba a wancan karon.

Washegari da aka je ɗauko amalanken, an same shi yadda aka bar shi, nama da komai. Sawun mutum ɗaya ne a wurin, na Ukalik ƙarama. Kofinta dai an tarar da shi a kife, ita kuma ta ce a tsaye ta bar shi, da shayi a ciki.

Gari ya yi ta magana. Gidaje da yawa rediyonsu na buɗe a ranar, kuma yawancinsu sun ce ba su ji komai ba sai inji da shuu. Wasu suka ce kukan natsik ne a ƙarƙashin ƙanƙara, wanda ya daɗe shi kaɗai a gaɓa kunnensa na iya mayar da shi magana. Simiuni ya ce iska ce, ko da yake ranar babu iska. Amma tun daga lokacin ba a sake ganinsa ya danna totur bai cire safa ya taɓa injin ba, kuma in aka tsokane shi ba ya dariya.

Bayan 'yan kwanaki, su biyu suna rumfa da hantsi, Ukalik ƙarama na gyara ƙofar nan a ƙarshe, ƙusa a bakinta. Ulipika ta sauko da tsohon fistan daga kan kantar, ta shafa tabon nan huɗu da babban yatsa, ta yi magana kamar da kanta take.

"Ashe ni ka tafi ɗaukowa."

Yarinyar ba ta juyo ba. Ta cire ƙusar daga baki, ta ce a hankali, da wani sanyin murya da ba nata ba, "To wa zan tafi ɗaukowa in ba ke ba?" Ta ci gaba da buga guduma. Da Ulipika ta tambaye ta daga baya me ta ce, sai ta ce ita ba ta ce komai ba, ƙusa ce a bakinta.

Ulipika na nan har yanzu, idon ya rage amma kunnen na nan. Fistan ɗin ya bar kantar rumfa, yana kan tagar ɗakinta, kusa da fitila. Ukalik ƙarama kuma ba ta daina zuwa gaɓa ba, gida uku ba sa cin tsoro.

Shayinku ya huce, ku ƙara. Amma kafin ku tashi, ku gaya mini: in kai ne a gaɓa, injinka da sanyi, ga muryar da ka fi so a duniya tana kiranka daga cikin tururi tana cewa ka yi sauri, hannunka zai iya tsayawa ya jira ƙarfe ya yi ɗumi?